Ungulun Bayan Gidan Dorkas

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a Tibiri ya san Dorkas, in bai san sunanta ba to ya san hannunta. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, matsar tunkuza ta mayar mata da damatsa kamar na maƙeri. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma iya ciniki ba. Ka taya mata kwalba da wulaƙanci, ba za ta zage ka ba, sai dai ta ɗauke kwalbar ta mayar cikin kwando ta zuba maka ido, kai da kanka za ka ƙara. Takan hau kabu-kabu ta kai mai da ƙuli-ƙuli Sabon Gari a Maraɗi, amma ba ta taɓa bari azahar ta same ta can. Abokan sana'arta na yi mata tsiya, wai tsohuwa da ita har yanzu miji ke ruɗa ta. Takan yi murmushi ta ɗaure kwandonta ta wuce.

A Tibiri aka haife ta, ɗiyar wani mai ban ruwan lambu, cikin ƴan gidajen Kirista da ke kusa da majami'a. An sa ta lakwal, makarantar boko, ba ta yi nisa ba uwarta ta kwanta ciwo, aka cire ta ta riƙe turmi. Faransancin da ya rage mata bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Ta auri Andarawus, mutumin Jiratawa, direban kamyo, babbar motar kaya, a gidan soja, dogo mai son raha. Allah ya ba su ƴaƴa biyu, namijin bai yi rai ba, macen, Milka, tana aure a Damagaram.

Shekarun da aka tura Andarawus fagen daga can gabas, wajen tafki, Dorkas ta yi su a kan gwiwa tana addu'a. Ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu, ko ƙwarzane babu, mata suka yi guɗa, Fasto ya yi godiya a gaban jama'a. Da ya ajiye kaki sai ya sayi fili can ƙarshen gari, wajen da babu kowa sai gonakin hatsi, ya gina ɗaki biyu da zaure, shi ne magini shi ne lebura. Rahar dai ta tafi, amma Dorkas ta ce tsufa ne. Yakan gyara wa masu lambu injin ban ruwa, yakan zauna gindin dogon yaron da ya dasa yana sauraren rediyo. Suka yi ƴan shekaru a haka, ba yabo ba fallasa.

Sai wani kamfani ya sayi gonakin bayan gidansu. Aka zagaye da waya, aka zuba siminti, aka kafa allo mai rubutun Faransanci, wai an ba su izini daga sama. Ashe filin saukar jirage ne, injiniyoyi suke ɗauka zuwa daji, wani lokaci kuma manyan alhazai da hanyar mota ta gundura. Ba su da rana, ba su da sa'a. Yau da hantsi, gobe da la'asar, jibi sau uku, sai kuma a yi mako shiru har ka manta.

Ranar da jirgin ya fara sauka, Dorkas na suyar gyaɗa. Ta ji ƙarar tun daga nesa, fat-fat-fat, kwanon ɗaki ya ɗauki rawa, kaji suka watse. Da ta waiga ba ta ga mijinta gindin itace ba. A ƙuryar ɗaki ta same shi, kwance rub da ciki, ya tura kansa ƙarƙashin gado, yana kiran sunayen mazan da ba ta taɓa ji ba. Katon mutum, mai furfura, ya jiƙa wandonsa.

Hausawa na ce wa irin wannan jirgi mai saukar ungulu, don yana dira tsaye ba tare da gudu ba. Andarawus ya datse sunan, ya bar ungulu kaɗai. Da hankalinsa ya komo ranar, ta wanke shi ta sake masa tufafi, ya yi mata bayanin da bai sake maimaitawa ba.

"Ungulu ba ta jewar banza, Dorkas. Can gabas ba ta taɓa sauka wurinmu ba sai an yi ɓarna. Mu ke loda mata gawa da masu rauni. Ni ke kama ƙafafu."

Ya riƙe mata hannu. "Kada kowa shi ji."

"Ba mai ji, Maigida," in ji ta.

Tun daga ranar kalmar jirgi ta bar gidan. Ungulu ta zo, ungulu ta tashi, yau ungulu ba ta leƙo ba. Dorkas ta koyi jin ƙarar tun kafin kaji su ji. Da ta ji sai ta ja shi ɗaki ta rufe ƙofa, ta jawo turmi bakin ƙofar ta hau daka, ko da gyaɗa ko babu, don kada muryarsa ta tsallake katanga. Maƙwabciyarta Safiyatu, matar wani mahauci, katanga ɗaya ta raba su. Safiyatu ba kurma ba ce. Ba ta taɓa tambaya ba, amma duk ranar da jirgin ya sauko sai ita ma ta ɗauki taɓarya a nata tsakar gidan, su yi ta lugude, wannan na ba wannan, har ƙarar ta mutu. Mutanen unguwa suka ce matan nan biyu sun faye son aiki.

Mutum ɗaya ya gani da idonsa, Bo'az, wan Andarawus, manomin rani a Jiratawa. Ya kawo musu albasa ne abin ya ritsa da shi. Bo'az ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Suna yara wani baffansu ya taɓu, aka bar shi yana yawo don tausayi, ƙarshe a cikin rijiyar lambu aka tsamo shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya kira Dorkas zaure ya yi mata magana a hankali.

"Muddin abin na cikin ɗaki, naki ne. Ran da ya fito titi, nawa ne. Ina da ɗaki bayan gida, zan sa mishi kwaɗo ta waje. Gara in gan shi a kulle da in gan shi a rijiya."

"Ba zai fito ba, Yaya."

Haka ta riƙe shi, ba rana ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Ta daina zuwa biki, ta daina zama bayan sujada a taron zumuntar mata, ita da take buga musu tulu in ana waƙa. In ta je Maraɗi kunnenta na sama, zuciyarta na gida. Ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya magani, kuma tana tsoro kullum. Abin da take roƙon Allah bai taka kara ya karya ba. Ba ta ce a tashi filin ba, wa ya aike ta faɗa da masu kuɗi? So take kawai ta san lokaci. In ta san ranar da sa'ar, sai ta ja shi su tafi gulbi tun da wuri, ya duba injinan mutane, su dawo bayan an gama.

To, sai ga abin ya zo har ƙofa. Wata safiya Safiyatu ta leƙo ta saman katanga da rediyo a hannu. Wai majalisar jiha ta kawo shawarar doka a kan filayen saukar irin waɗannan jirage, har da masu izini. In filin na kusa da gidajen mutane, za a yanka masa ranaku da sa'o'in sauka, a sanar da kowa, ban da su ba sauka sai ta ceton rai. Kafin a jefa ƙuri'a za a zagaya a ji ta bakin talakawa, kuma za a zauna a meri, ofishin magajin gari.

Gari ya rabu. Masu awaki sun ce dabbobinsu na ɓari, wani ya ce iskar ta yaye masa kwano, mata sun ce tana watsa musu shanyar barkono. Samarin da ke gadi a filin da masu sayar musu da abinci kuwa sun ce ana so a zubar musu da tukunya. Kowa na jan zare wajen raminsa. Dorkas ta saurara, ta lura cewa duk cikin masu kuka babu mai kukan mutum, daga akuya sai kwano.

Ta gaya wa mijinta za ta je. Ya dube ta ya ce, "Allah shi ba da sa'a." Bai ƙara komai ba, ita ma ba ta tambaye shi iyakar abin da za ta faɗa ba.

Ranar taron ta yi wanka tun da safe, ta ɗaura zanen da take zuwa majami'a da shi. Tana sa takalmi ungulu ta taso. Kai, wani abin sai ka ce da gangan. Ta tuɓe mayafi ta ja shi ɗaki, ta hau daka da kwalliyarta. Ranar kuwa ya daɗe bai dawo hayyacinsa ba. Sai da ta ba shi kunu ya kwanta, sannan ta ja ƙofa, ita da Safiyatu suka kama hanya da sauri, rana ta riga ta take.

Zauren meri cike yake, har bakin taga. A gaba ga tebur, ga mataimakin magajin gari, ga baƙi daga Maraɗi, ga wani matashi yana rubutu. Abin da matan biyu ba su sani ba shi ne, ba maganar jirgi kaɗai aka tara mutane dominta ba. An haɗa ta da ta magudanar ruwa da ta sharar mahauta, don a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Maganar jirgi aka fara, an gama ta tun hantsi. Suna shiga wani baƙo ya karanto batu na gaba da Faransanci, mataimakin ya ɗaga kai ya ce da Hausa, "Akwai mai magana a kan wannan?"

Dorkas ta miƙe. Ita da ko a majami'a ba ta taɓa yin addu'a da ƙarfi ba. Aka miƙa mata mikro, ta riƙe shi da hannu biyu kamar taɓarya.

"Ranku shi daɗe. Ni Dorkas ce, gidana ne na ƙarshe a unguwarmu. Maganar ungulun nan ce ta kawo ni. In ta sauka bayan gidanmu, ba a cin abinci a gidana, ba a barci. Ba mu san lokacin zuwanta ba, sai dai mu ji ta a kanmu. Ban ce a kore ta ba. A taimake mu a rage mana saukarta, mu san ranar da za ta zo."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, wasu suka kama. Sarkin fawa, tsoho mai barkwanci, ya ce, "Ungulu a Tibiri? Baiwar Allah, rabona da ganin ungulu tun ina da haƙora. In kin gan ta ki ce muna gaisuwa, ta kuma gaya mana ranar zuwanta." Zauren ya ɗauka gaba ɗaya.

Sai a lokacin Dorkas ta ji abin da bakinta ya faɗa. Kalmar gida ce ta biyo ta waje, ita kuwa ta daɗe da manta cewa sauran duniya ba haka suke kiransa ba.

Mataimakin mutum ne mai kirki. Ya buga tebur aka yi shiru, ya karkato wajenta. "Inna, ki yi haƙuri da su. Maganar sharar mahauta muke yi. Ungulu tsuntsu kike nufi? In wani abu ne daban, faɗi, muna jin ki. Wa take hana ci da barci?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Kalma ɗaya ce, ta ce jirgi. Amma in ta ce jirgi, tambaya ta biyu na nan tsaye tana jira, kuma masu awaki sun riga sun faɗi nasu, abin da ya rage shi ne nata, shi ne kuma mai nauyin da zai iya juya maganar. Ta duba zauren. Ga Fasto, ga dattawan ikilisiya, ga masu lambun da ke kawo wa mijinta inji suna ce masa Soja, ga ƙanen surukin Milka zaune kusa da taga. A gaban waɗannan za ta ce mijinta na shiga ƙarƙashin gado? Safiyatu ta mintsine ta a cinya, ta raɗa mata, "Faɗi mana, Maman Milka."

"Inna?" in ji mataimakin.

"E," in ji Dorkas. "Tsuntsun."

Matashin ya rubuta, aka karɓi mikro aka ba wani. Matan biyu suka kama hanyar komawa. Da suka isa gida Andarawus na zaune bakin ɗaki, ya tambaye ta ko ta yi magana. Ta ce ta yi. Ta shiga madafa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da ta binne ɗanta.

Ba a daɗe ba rediyo ya kawo labari. Majalisa ta ɗage maganar dokar sai wani zama. An ce a duk inda aka zagaya, koke-koken ba su wuce na dabbobi da rufin ɗaki ba, masu filayen kuma sun yi alkawarin gyara abin da suka ɓata, ba a samu inda aka ce jirgi ya cuci mutum ba. Ko da Dorkas ta yi magana za a yi dokar? Allah kaɗai ya sani. Ita dai ta ɗora wa kanta, ba kuma wanda ya isa ya sauke mata.

Amma meri ba ta manta da ita ba, wannan kam a yaba musu. Wata safiya sai ga ma'aikatan tsafta a ƙofar gidanta, da riguna iri ɗaya, da baro da shebur, mataimakin ne ya turo su. Shugabansu ya yi sallama da fara'a, ya ce an ji kukanta, sun zo kwashe jujin bayan gida don kada ungulu ta sake samun abin sauka. Me za ta ce? Ta yi godiya. Unguwa ta fito kallo, don ba kullum ake ganin hukuma da shebur ba. Suka roƙi ruwan sha, ta buɗe ƙofar zaure ta fita da tulu, ta zagaya bayan gida inda suke cika buhuna suna jerawa gefen hanya.

Tana tsiyaya ruwa ta ji. Fat-fat-fat. Ta saki tulun ta ruga, amma zagayen da nisa, ƙofa kuma a buɗe.

Wannan karon bai shiga ƙarƙashin gado ba. Ya fito. Ya ga maza cikin kaya iri ɗaya, ya ga buhuna jere a ƙasa, ga jirgi na saukowa bayan waya. Ya sheƙa a duƙe ya rungumi buhu ɗaya, ya ɗaga wa ma'aikatan murya, "Ku kama kai, ni na kama ƙafafu." Da ba wanda ya motsa sai ya saɓa buhun shi kaɗai ya nufi wayar, shara na zuba a bayansa, yana roƙon masu gadi su buɗe. "Wanga da sauran numfashi, don Allah ku fara ɗaukar shi. Yana da ɗiya ƙarama."

Yara suka yi dariya, manya suka yi tsit. Safiyatu na tsaye da taɓarya a hannu, ba ta da abin da za ta daka. Dorkas ta isa ta rufe shi da mayafinta, ta ɓamɓare yatsunsa daga wayar ɗaya bayan ɗaya. Tana jan shi gida ta ji wata murya a cikin taron, ba da mugunta ba ma, da tausayi, tana cewa, "Wayyo, ashe Soja mahaukaci ne."

Labari ya riga rana faɗuwa isa Jiratawa. Washegari Bo'az ya zo da motar ɗaukar albasa. Bai yi faɗa ba, bai ce na gaya miki ba. Ya ɗora katifa da akwati a baya, ya tsaya jira. Andarawus ya fito da kansa, cikin hankalinsa sarai, ya sa hularsa. Ya tsaya ya dubi ɗakunan da ya gina, sannan ya hau. Dorkas ta ba Safiyatu makullin gida da kaskon suya, ta hau ta zauna kusa da shi a kan katifar.

Sun wuce Maraɗi, sun kama hanyar kudu, sannan ya yi magana, idonsa na kan gonaki.

"Ran nan a meri, kin ce musu ni ne?"

"A'a, Maigida. Ban ce ba."

Ya ce, "Ai da kin faɗa."

Ta juyo ta dube shi. "Kai ka ce kada kowa shi ji."

"Don ke na ce. Ni mi ya rage mini? Ba na so a riƙa nuna ki a kasuwa ana cewa ga matar mahaukaci."

Dorkas ta kama gefen motar ta riƙe, hawaye na zuba iska na busar da su, har suka shiga Jiratawa.

Ɗakin na bayan gidan Bo'az, kusa da rumbu, an share shi an shimfiɗa tabarma, taga ɗaya ce ƙarama. An riga an kafa ƙarfen kwaɗo a jikin ƙofar ta waje, sabo, ƙusoshin na ƙyalli. Andarawus ya sunkuya ya shiga ba musu, ya zauna a kan tabarmar. Matar Bo'az ta kama hannun Dorkas, ta ce ta zo ga ɗaki can cikin gida an gyara mata. Bo'az ya ciro kwaɗon daga aljihu, ya kasa duban kowa.

Dorkas ta zare hannunta, ta ɗauki ƙullin kayanta.

"Yaya, dakata in shiga tukuna," in ji ta. "Sai ka kulle."